Sista, Firaministar da Ta Miƙa Mulki Ƙafa da Ƙafa

Babbar madatsar ruwan ƙasar ba ta fashe ba a daminar shekarar 2009, duk da cewa ruwan da aka yi a wannan shekara ya zarce duk wanda aka taɓa aunawa, kuma garuruwa goma sha huɗu da ke kwance a ƙarƙashinta sun kwana sun tashi lafiya. Injiniyoyin da suka yi aikin sun haɗu a kan cewa da ba a rage ruwan an fara gyara tun shekara biyu kafin nan ba, da bangon bai jure ba. An fara gyaran ne saboda Firaministar da ta faɗi zaɓe a 2007 ta ɗauki mutumin da ya kayar da ita, ta shiga da shi cikin bangon madatsar, ta nuna masa inda ruwa yake tsattsafowa, ta kuma gaya masa cewa ita ce ta ɗage gyaran. Wannan nuni ya jawo mata kora daga jam'iyyarta da haramcin riƙe muƙami na shekara goma. Ita ce matar da ƙasa baki ɗaya ta sani da Sista, ma'aikaciyar jinya ta farko da ta shugabanci gwamnati, wadda ta rasu a watan Nuwamba na 2022 a babban asibitin birni, tana da shekara tamanin da ɗaya.

Haihuwa da asali

An haife ta a shekarar 1941 a wani ƙaramin gari da layin dogo ya ratsa, a ɗaya daga cikin gidajen ma'aikata masu ɗaki biyu da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta shi ne mai canja layi a tashar, mahaifiyarta kuma tana ɗinki da keken hannu a tsakar gida. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya shida, kuma mace ta farko. 'Yan'uwanta sun shaida cewa tun tana ƙarama ba ta da yawan magana, amma idan aka aike ta ba ta dawowa da rabin saƙo, har mahaifinta yakan ce cikin raha gara ya aiki wannan yarinya sau ɗaya da ya aiki yayyenta maza sau uku.

Karatu

Ta shiga makarantar firamare ta ma'aikatan jirgin ƙasa a 1948, ta wuce sakandaren 'yan mata a 1955, sannan aka ɗauke ta a makarantar koyon aikin jinya da ke jikin babban asibitin birni a 1959. A can ta haɗu da shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin, wata dattijuwa mai tsananin ƙa'ida wadda ɗalibai suke kira Goggo a bayan idonta, daga baya ma har a gabanta.

Goggo ce ta tsayar da abin da ake kira zagayen miƙa aiki a asibitin. Ƙa'idar ita ce, duk wadda za ta tashi daga aiki ba za ta fita ba sai ta bi wadda ta canje ta gado bayan gado, ta faɗi halin kowane mara lafiya da bakinta, ta ɗaga mayafi ta nuna raunin, ta kuma faɗi abin da ta yi da abin da ba ta samu yi ba. Ɗalibai da yawa suna ganin hakan ɓata lokaci ne, tunda komai yana rubuce.

A shekarar 1961, tana aji uku, ta lura cewa yatsun wani ɗan dako da aka ɗaure wa ƙafa da filasta sun yi sanyi sun fara canja launi. Ta rubuta hakan yadda ya kamata, amma da lokacin tashi ya yi sai ta gajarta zagayen don kada motar ɗalibai ta tafi ta bar ta. Wadda ta canje ta ba ta kai ga karanta rubutun ba. Goggo ce ta gano lamarin, ta sa aka yanke filastar nan take, ta kuma aika aka dawo da ɗalibar daga bakin ƙofar asibiti. Ɗan dakon ya tsira da ƙafarsa, ya rasa yatsu biyu. A gaban gadonsa Goggo ta ce mata: "Takarda ba ta da ƙafa, 'yar nan, ba ta zuwa gaban gado. Aikinki bai ƙare ba sai wadda ta canje ki ta ga abin da kika gani da idonta." Ba a ba ta wani horo ba. Ta kammala karatu a 1963, ita ce ta biyu a ajinsu.

Aikin asibiti da aure

An tura ta ɗakin gaggawa, inda ta yi shekara goma sha uku. Babban aikinta a can shi ne tantance masu shigowa: wanda ba zai iya jira ba, wanda zai iya jira kaɗan, da wanda zai iya jira har a gama da kowa. Ana manna wa kowanne alama, ja ko rawaya ko kore. Abokan aikinta sun ce tana iya tsayawa a bakin ƙofa ta dubi mutum goma, ta ware wanda ya yi shiru a gefe ta ce a fara da shi, a bar mai ihu, domin mai ƙarfin ihu yana da sauran numfashi. A 1969 aka ƙara mata girma zuwa sista mai kula da ɗakin, kuma daga wannan shekara sunan muƙamin ya danne sunanta na yanka.

A wannan ɗaki ta haɗu da mijinta, malamin lissafi a wata sakandare, wanda aka kawo da karyayyen hannu bayan ya faɗi daga babur. Ta manna masa kore, ya jira rabin yini a kan benci, abin da bai daina tuna mata ba har ƙarshen rayuwarsa. An ɗaura musu aure a 1966. Malam, kamar yadda kowa yake kiransa har da ita, mutum ne mai barkwanci, kuma yakan gaya wa baƙi cewa shi kaɗai ne mara lafiyar da Sista ba ta taɓa sallama ba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu, a 1967, 1970, 1974 da 1979.

Ƙungiya da majalisa

A 1976 aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasa. Ta jagoranci yajin aiki sau biyu a kan ƙarancin magunguna da kayan aiki, kuma duka biyun ta hana a rufe ɗakunan gaggawa da na haihuwa, abin da wasu 'yan ƙungiya suka ɗauka sassauci ne, amma ya sa jama'ar gari suka tsaya a bayan masu yajin.

Shugabannin da ƙasar ta yi a waɗannan shekaru kowanne ya zo da halin sana'arsa. Janar ɗin da ya karɓi mulki a 1981 ya gina hanyoyi da gadoji cikin sauri, domin ya saba ba da umarni a cika, amma saboda na ƙasa da shi ba su saba kawo mummunan labari sama ba, sai da ya sauka aka san yawan ayyukan da suka tsaya a kan takarda. Attajirin da ya gaje shi ta hanyar zaɓe a 1990 ya iya ciniki, ya sasanta da masu zuba jari, ya buɗe tashar jiragen ruwa, sai dai duk abin da ba ya kawo riba, kamar rigakafi da makarantun ƙauye, ya sha fama kafin ya samu shiga kasafin kuɗinsa.

A zaɓen 1990 ne Sista ta shiga majalisar dokoki, kuma a 1995, da jam'iyyarta ta shiga gwamnatin haɗaka, aka naɗa ta ministar lafiya. Ranar da ta isa ofis ta tarar wanda ta gada ya riga ya tafi, ya bar makullai a hannun masinja da tarin fayiloli a kan tebur. Sai da ta kusa cinye shekara kafin ta gano cewa na'urorin sanyaya allurar rigakafi a larduna uku sun daɗe da mutuwa, alhali wanda ya gabace ta ya sani. Ta gaya wa manyan ma'aikatan ma'aikatar cewa ɗalibar jinya da ta yi irin wannan miƙa aiki ba za ta kwana a makaranta ba. Daga nan ta sa duk darakta ko shugaban asibitin da aka canja wa wurin aiki ya zagaya da magajinsa ƙafa da ƙafa kafin a sallame shi.

Shekaru takwas a kan mulki

Jam'iyyarta ta lashe zaɓen 1999, aka rantsar da ita Firaminista tana da shekara hamsin da takwas. 'Yan adawa, ƙarƙashin wani ƙwararren lauya da ya girme wa ɗanta na fari da shekara goma kacal, sun yi ta shaguɓe cewa ƙasa ba ɗakin marasa lafiya ba ce.

Ta tafiyar da gwamnati yadda ta tafiyar da ɗakin gaggawa. Kowace safiyar Litinin majalisar ministoci tana yin gajeren zama a tsaye, kowane minista ya faɗi abin da ya fi taɓarɓarewa a ma'aikatarsa kafin ya faɗi abin da ya yi kyau. Sannan a raba matsaloli uku, ja da rawaya da kore, a fara da ja. Ministoci sun mayar da abin wasa a tsakaninsu, har ministan wasanni yakan gabatar da kansa da cewa shi ne kore na dindindin. Sukan kuma ce tana sauraron rahoto tana duban farcen mutum da ƙwayar idonsa. Ta taɓa katse ministan kuɗi yana tsakiyar bayani ta ce ya je a auna masa jini kafin ya ci gaba; ya tafi yana gunaguni, aka kwantar da shi mako guda.

Sakamakon wannan tsari a bayyane yake. A cikin shekaru takwas mutuwar ƙananan yara ta ragu da kusan rabi, ruwan famfo ya isa unguwannin da ba su taɓa ganinsa ba, rumbunan hatsi na gwamnati suka cika, kuma aka daina jin asibiti ya kwana ba jini ko ba iskar numfashi. Abin da ya fi wannan, a cewar tsofaffin ma'aikata, shi ne cewa mummunan labari ya koyi hawa bene: ƙaramin ma'aikaci ya daina tsoron faɗin abin da ya lalace, domin ya ga ba a hukunta mai faɗa, ana hukunta mai ɓoyewa.

Tsarin yana da nasa giɓin. Abubuwan da amfaninsu sai bayan shekara ashirin, kamar jami'o'i da layin dogo da manyan masana'antu, kullum suna faɗawa rawaya ko kore. Masana tattalin arziki sun soki gwamnatinta da cewa ta iya ceton rai amma ba ta iya shuka itace ba, kuma wannan suka ita ce ta fi yi mata illa a wurin matasa masu neman aiki.

Madatsar ruwa

A farkon 2003 injiniyoyin hukumar ruwa suka sanar da ita cewa ruwa ya fara tsattsafowa a gindin babbar madatsar da aka gina tun zamanin Janar. Suka ce gyaran zai ci kaso mai yawa na kasafin shekara biyu, zai kuma tilasta rage wutar lantarki, amma a ƙiyasinsu bangon zai iya jure shekara goma. A wannan shekarar ce cutar amai da gudawa ta ɓarke a larduna biyar, ga kuma fari a arewacin ƙasar. Ta sa annoba da fari a ja, ta sa madatsar a rawaya, ta umarci a riƙa kawo mata rahoto idan abin ya tsananta.

Ɗanta na fari, wanda injiniyan gine-gine ne a wani kamfani mai zaman kansa, ya ji labarin daga abokan sana'a, ya same ta a gida wata Juma'a da rana. Ƙannensa sun ce shi ne karo na farko da suka ji ya ja da ita. Ta yi masa bayani cewa mai jira idan ya tsananta za a gani, kamar yadda ake gani a asibiti. Ya ce mata: "Umma, mara lafiya yana nishi, ki ji ki juyo. Kankare ba ya nishi. Ranar da za ki ji muryarsa, ranar ya gama." Ta ce ta ji, kuma za ta duba. Annobar ta ɗauki shekara biyu, farin ya maimaita kansa, aka shiga shirin zaɓe, madatsar tana nan a rawaya. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna yoyon yana ƙaruwa a hankali, ba tare da ya kai matakin da injiniyoyi za su ce a bar komai ba.

Zagayen ƙarshe

A zaɓen 2007 jam'iyyarta ta sha kaye a hannun jam'iyyar Lauya, wato lauyan nan jagoran 'yan adawa. Ta kira shi ta taya shi murna tun kafin a gama sanar da sakamako, kuma a cikin wannan kiran ta gaya masa cewa tana so ta zagaya da shi kafin ranar rantsuwa, kamar yadda ta sa kowane darakta ya yi. Babu dokar da ta wajabta haka, kuma babu shugaban gwamnatin da ya taɓa yi.

Dattawan jam'iyyarta sun same ta a gida don su hana. Shugaban jam'iyya ya ce ba su ƙi a kai shi asibitoci da rumbuna ba, domin waɗannan abin alfahari ne, amma maganar madatsa a bar ta a cikin fayil, in ya karanta ya gani, in bai karanta ba laifinsa. Ya tuna mata cewa mutumin nan lauya ne, sana'arsa neman hujja, kuma ita za ta miƙa masa hujjar da za ta binne jam'iyya shekara goma. Ta tambaye su ko akwai wanda yake da dangi a garuruwan da ke ƙarƙashin madatsar. Biyu suka ce suna da su. Ta ce to shi ke nan. Malam, da yake zuba wa baƙin shayi, ya ce da sun tambaye shi tun a ƙofa da ya rage musu wahala, domin shi shekara arba'in da ɗaya yana neman ta ɓoye masa ko da sakamakon awon sukarinsa bai samu ba.

Lauya ya amsa gayyatar, amma ya zo da mataimaka biyu masu rubuta komai, domin yana zargin tarko ne. Sun shafe makonni suna yawo. Ta kai shi ɗakunan ajiyar magani, da tashar jiragen ruwa, da gidan yarin da ya cika ya tumbatsa, da wata gada da aka biya kuɗinta ba a gama ba. A kowane wuri takan faɗi abin da aka yi, da abin da ba a yi ba, da abin da take ganin ba zai iya jira ba. Waɗanda suka raka su sun ce da farko yana yi mata tambayoyi kamar mai shaida a kotu, tana amsa masa kamar mai ba da rahoton gado, har zuwa mako na biyu suka fara dariya da juna, tana ce masa ƙanena, yana ce mata Yaya Sista.

Madatsar ce zangon ƙarshe. Da hantsi suka sa hular kwano da takalman roba, babban injiniya yana gaba da tocila, suka sauka matakala zuwa wata siririyar hanya da ke ratsa cikin bangon, wadda ma'aikata suke bi don dubawa. A can ƙasa ruwa yana gudu a kwata har idon sawu, bangon yana naso, ga farin gishiri ya taru a kan tsagar. Ta tsaya ta ce masa ya sa tafin hannunsa a wurin. Ya sa, ruwa ya bi ta tsakanin yatsunsa. Ta gaya masa shekarar da aka sanar da ita, da abin da injiniyoyi suka ce, da abin da ta zaɓa ta fara da shi, da dalilinta, ta kuma ce wannan ja ne, ita ce ta sa masa rawaya.

Lauya ya daɗe bai janye hannunsa ba. Sannan ya ce: "Yaya, kin san abin da kika damƙa mini? A sana'ata wannan sunansa amsa laifi a gaban shaidu." Ta ce: "A tawa sana'ar sunansa mara lafiya, ƙanena. Ka fara rage ruwan, sannan ka yi shari'arka."

Abin da ya biyo baya

Lauya ya yi duka biyun, kuma a jere yadda ta faɗa. Umarninsa na farko bayan rantsuwa shi ne a buɗe ƙofofin madatsar a rage ruwan, abin da ya jawo ƙarancin wuta na watanni da zanga-zanga a birane. Umarninsa na biyu shi ne kafa hukumar bincike ƙarƙashin wani alƙali mai ritaya. Jam'iyyarta ta kore ta a ƙarshen 2007 bisa zargin yi wa jam'iyya zagon ƙasa. Ta bayyana gaban hukumar ba tare da lauya ba, ta maimaita abin da ta faɗa a cikin bangon. Ɗanta injiniya yana cikin waɗanda aka kira shaida, ya kuma tabbatar da cewa ya gargaɗe ta. Ita ce ta ce masa ya je ya faɗa yadda aka yi.

Hukumar ta miƙa rahotonta a 2010, bayan ambaliyar da madatsar ta jure. Ta ce ba a samu almundahana ko sakaci da gangan ba, amma an yi kuskuren auna haɗari wanda ya jefa rayukan jama'a cikin barazana na tsawon shekara huɗu, ta kuma ba da shawarar haramta mata riƙe muƙamin gwamnati na shekara goma. Hukumar ta ƙara da cewa ba don zagayen da ta yi ba, da sabuwar gwamnati ba ta kai ga maganar madatsar a kan lokaci ba. Lauya ya amince da rahoton baki ɗaya. Ba ta ɗaukaka ƙara ba.

Mulkin Lauya ya zo da nasa launi. Ya gyara kotuna, ya tsaftace hanyar ba da kwangila, ya kafa hukumomin sa ido masu ƙarfi, amma ayyuka suka riƙa jinkiri saboda kowane mataki sai an tabbatar ba za a ƙalubalance shi a kotu ba. Abu ɗaya ya ɗauka daga wadda ya gada. A 2015, da zai sauka, ya gayyaci magajinsa, wani farfesan tattalin arziki daga jam'iyyar adawa, ya zagaya da shi ƙafa da ƙafa, ya kuma nuna masa asusun fansho da gwamnatinsa ta bari da giɓi. Kafin su fara ya biya ta gidan Sista ya gaishe ta, ta tambaye shi ko ya ware ja ɗinsa, ya ce ya ware, ta ce to ya fara da shi kada ya ajiye shi ƙarshe kamar yadda ta yi. A makonsa na ƙarshe ya gabatar wa majalisa ƙudurin dokar da za ta wajabta wannan zagaye a kan duk shugaban gwamnati da minista mai barin gado, yana mai cewa al'ada takan mutu da masu ita, doka ce take zama. An ruwaito cewa Sista ta gode masa, amma ta ce Goggo ba ta taɓa rubuta tata ba.

Shekarun ƙarshe

Bayan barin mulki ta koma gidan da suka gina da Malam tun 1978, mai ɗaki huɗu da bishiyar lemo a tsakar gida. Haramcin bai shafi aikin sa kai ba, don haka ta riƙa zuwa tsohuwar makarantarta sau biyu a mako tana koya wa 'yan aji ɗaya gyaran gado, juya mara lafiya da miƙa aiki. Ɗalibai suna kiranta Goggo. Ta ce sunan ya yi mata yawa, amma ba ta hana ba. Ba ta rubuta littafi ba, ba ta kuma karɓi gayyatar komawa jam'iyyar da aka yi mata a 2018 ba. Mutanen garuruwan da ke ƙarƙashin madatsar sun sa wa sabon asibitin yankinsu suna Asibitin Sista, ta je buɗewa, ta kuma tsaya ta nuna wa shugaban asibitin cewa ƙofar ɗakin gaggawa ta yi ƙunci ga gadon da ake tura marasa lafiya a kai. An faɗaɗa ta.

Malam ya rasu a 2016. Ita ce ta yi jinyarsa a gida har ƙarshe.

Rasuwa

An kwantar da ita a babban asibitin birni a watan Oktoba na 2022 sakamakon ciwon zuciya. Ta ƙi ɗaki na musamman, aka ba ta gado a ɗakin mata. Ma'aikatan ɗakin sun ce ko a kwanakinta na ƙarshe takan buɗe ido idan masu canjin aiki suka iso gadonta, ta saurari abin da aka faɗa a kanta, wani lokaci ta gyara. Allah ya yi mata rasuwa a watan Nuwamba, da safe, jim kaɗan bayan an gama zagayen. An yi mata sallah a wannan rana, aka binne ta a maƙabartar unguwarsu kusa da mijinta. Lauya, wanda ya sa hannu a kan haramcinta, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Ta bar 'ya'ya huɗu: na fari, injiniyan gine-gine, ta biyu, malamar makarantar firamare, na uku, mai kantin sayar da kayan gyaran mota, da Auta, ma'aikaciyar jinya a ɗakin gaggawa. Ta kuma bar jikoki goma sha uku da ƙanwa ɗaya.

Ƙudurin dokar miƙa aiki ya tsallake karatu na biyu tun 2016, kuma yana nan a hannun kwamitin majalisa. Farfesa, wanda ya sanar cewa ba zai sake tsayawa takara ba, zai sauka bayan zaɓe mai zuwa. Da manema labarai suka tambaye shi a bakin maƙabarta ko zai zagaya da wanda zai gaje shi, ya ce yau ranar jimami ce. Har yanzu ofishinsa bai ba da amsa ba.